Mai Masauki Shi Ne Ido: Safarar Mutane da Hanyar Umdurman

A 'yan shekarun nan manyan otal-otal na duniya sun shigo da wani tsari na tara ma'aikatansu a yi musu bita kan yadda za su gane baƙon da aka yi safararsa. Mai karɓar baƙi a bakin kanta, da mai gyaran ɗaki, da mai kai abinci, da maigadi, kowa ana nuna masa abin da zai sa wa ido, da wanda zai gaya wa idan ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba. Duk sa'ad da wannan zance ya taso a tsakaninmu, abin da nakan ji shi ne wai ai sha'anin Turawa ne, su da suke da otal mai hawa hamsin su abin ya shafa. Ni ban yarda da haka ba, kuma hujjata tana cikin tarihinmu. Mai safarar mutum yana iya yi wa jami'in kan iyaka wayo, yana iya sayen takardar bogi, amma dole dare ya riske shi a wani gari, dole ya nemi inda zai kwantar da wanda ya ɗauko. Wanda ya ba shi wurin kwanan nan shi ne mutum na farko da ke iya ganin gaskiya. Kakanninmu sun san haka, kuma babu inda za a ga misalinsa a fili kamar a hanyar gabas, wadda ta ɗebi Hausawa daga Kano da Katsina da Damagaram ta bi da su ta Umdurman da Kartum zuwa Makka.

Fatoma da amanarsa

Tun kafin a san otal a ƙasar Hausa akwai sana'ar saukar baƙi. Ayarin fatake idan ya iso gari yakan yada zango, sa'an nan kowane falke ya nemi fatomansa. Fatoma shi ne mai gidan da baƙo ke sauka. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta idan bai ji harshen garin ba, ya tsaya masa lamuni idan ciniki na bashi ne, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa. Saboda haka babu abin da baƙo zai shigo da shi gari fatoma bai sani ba. Idan kuwa rigima ta tashi, shi ake nema, domin baƙo raɓa ne, gobe ya tafi, fatoma kuwa yana nan da gidansa da sunansa.

Sai dai wannan amana kaifi biyu gare ta. A zamanin da bayi suke cikin hajar da ake fatauci, a irin waɗannan gidaje ake tsare su kafin a kai su kasuwa, kuma dillalin da ya sayar da goro ko kanwa yana iya sayar da mutum. Malamai ba su yi shiru ba. Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa wajajen 1615 inda ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba, kuma bautar da 'ya'ya Musulmi yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kuka da su a kan sarakunan zamaninsa. Amma fatawa tana cikin littafi, yaron da aka sato kuwa yana kwance a zauren wani. Ko zai kuɓuta ko zai wuce gaba, sau da yawa ya danganta ga mai zauren nan, ko ya yi tambaya ko ya kawar da kai. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, ya san yadda yaro ke wucewa daga hannu zuwa hannu har ya tsallake hamada, uwa tana biye tana cigiya. Da ɗan gari akan ci gari.

Kartum da Umdurman kafin zuwan Ingila

Garuruwan nan biyu suna fuskantar juna ne a inda rassa biyu na Kogin Nilu suka haɗu, Umdurman tana gaɓar yamma. Tarihinsu kansa ya cakuɗe da cinikin bayi. Muhammad Ali Basha na Masar ya tura rundunarsa Sudan a 1820, kuma manyan abubuwan da yake nema su ne zinariya da bayin da zai sa a soja. A ƙarƙashin wannan mulki Kartum ta tashi daga ƙauye ta zama birni, kuma daga nan 'yan kasuwa masu bindiga suka riƙa kutsawa kudu neman hauren giwa da mutane. Zubairu Basha, wanda ya kafa ikonsa a Bahrul Gazal, shi ne ya fi shahara a cikinsu, kuma a ƙarƙashinsa Rabe ya koyi yaƙi, Raben nan da ya ci Barno a 1893. Ingila da Masar sun ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi a 1877, amma takarda ba ta rufe hanya ba.

Da Mahadi ya ci Kartum a ranar 26 ga Janairun 1885, sai Umdurman ta zama babban birni. Ya rasu a cikin wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi. A zamanin Halifa akwai kasuwar bayi a Umdurman kusa da Baitulmali, kamar yadda Rudolf Slatin, wanda ya yi shekaru a tsare a garin kafin ya tsere a 1895, ya bayyana. Halifa ya taƙaita sayar da maza majiya ƙarfi saboda yana bukatarsu a soja, don haka mata da yara suka fi yawa a kasuwar. Bayan yaƙin Karari a ranar 2 ga Satumbar 1898, Turawan Ingila suka rufe kasuwar, suka kafa sashen yaƙi da fataucin bayi, amma suka bar bautar cikin gida tana mutuwa a hankali don kada su ɓata da manyan ƙasa. Abin lura a nan shi ne, rufe kasuwa bai kashe ciniki ba. Abin da ake yi a fili da rana ya koma cikin gida da dare, wato ya koma hannun masu masauki.

Hijirar gabas

A daidai wannan lokaci ne Hausawa da Fulani suka fara kwarara zuwa Sudan da yawan da ba a taɓa gani ba. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka zauna a 1906 a bakin reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa.

Bayan masu hijira sai maniyyata. Hanyar ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri, ta shiga Chadi ta Fot Lami, wato Njamena ta yau, ta wuce Abeshe, ta shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, ta iso Al-Ubayyid. Daga 1912 jirgin ƙasa yana zuwa Al-Ubayyid, mai hali ya hau, marar hali ya ci gaba da ƙafa ko jaki. Wasu su ɓulla Umdurman, wasu su karkata Jazira, inda aka buɗe babban aikin noman auduga a 1925 bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar. Talaka ba ya fita da guzurin da zai kai shi Makka. Yakan yi tafiya har kuɗi ya ƙare, ya tsaya ya yi ƙodago, ya tsinci auduga, ya yi ga-ruwa ko wanki, ya tara, ya ƙara gaba. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu kuwa nan suka tsaya suka hayayyafa. Su ne mutanen Sudan ke haɗawa su kira Fallata ko Takari, kuma wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995 inda ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne suke ɗaukar kansu har yanzu a matsayin maniyyatan da ke kan hanya.

Duk tsawon hanyar nan zango ne ya riƙe ta. A kowane babban gari akwai unguwar mutanen yamma, da shugabanta, da masu gidajen da ke saukar da sabon zuwa. A Kartum unguwar da aka fi sani ita ce Ushash Fallata. Bahaushen da ya sauka bai iya Larabcin Sudan ba, bai san inda ake neman aiki ba, bai san yadda ake samun takardar tsallaka teku ba. Mai masaukinsa ne bakinsa da idonsa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: mafi yawan maniyyatan nan bayin Allah ne da suka fito don sauke farali, kuma mafi yawan masu saukarsu sun yi ne don zumunci da neman lada. Ba don su ba da hanyar ba ta yiwu ba. Amma inda jama'a suka yi yawa, kuma kowa ya yarda da kowa, nan mugu ke samun mafaka.

'Ya'yan da ba nasu ba

A wancan zamani bauta tana halatta a Hijaz, akwai masu saye. Saboda haka wasu suka mayar da hanyar hajji hanyar kasuwa. Mutum zai fito da yara ya ce 'ya'yansa ne ko almajiransa, alhali amana aka ba shi, ko yaudarar iyayensu ya yi da cewa zai kai su su yi karatu su sauke farali. Wani zai auri mace a hanya, idan an tsallaka ya sayar da ita. Wani kuma bai fito da mugun nufi ba, amma da guzuri ya ƙare, bashi ya kama shi, sai yaron da ke yi masa hidima ya zama kuɗin komawa gida. Waɗanda suka shiga irin wannan hali 'ya'ya ne, Musulmi, wasu ma da allo a hannu.

Abin ya kai ga hukumomi. A 1926, shekarar da Majalisar Ƙasashe ta wancan lokaci ta fitar da yarjejeniyar hana bauta, wani jami'in gwamnatin Sudan mai suna C. A. Willis ya rubuta rahoto na musamman kan bauta da aikin hajji. Kafin nan, a 1925, gwamnatin Nijeriya ta tura jami'inta G. J. Lethem ya bi hanyar da kansa har Sudan da Jidda da Alƙahira, ko da yake abin da ya fi damun Turawa a tafiyarsa shi ne yaɗuwar aƙidar Mahadi. A yarjejeniyar Jidda ta 1927 Sarki Abdul'aziz ya yi alkawarin taimakawa wajen hana fataucin bayi, kuma ofishin Ingila a Jidda ya riƙe ikon 'yanta bawan da ya gudo ya fake a cikinsa har zuwa 1936. Da yawa daga waɗanda aka 'yanta a can an sako su a jirgi an dawo da su gaɓar Sudan. Ba a soke bauta a Saudiyya ba sai a Nuwambar 1962.

Maganin da Turawa suka kawo na takarda ne: fasfon alhazai, da killacewar lafiya a Sawakin, da kuɗin ajiya na komawa gida. Waɗannan sun yi amfani, amma sun zo da wata illa. Kowace takarda kuɗi ce, talakan da ya shekara biyar yana tarawa kuwa ba shi da na ƙari. Sai ya kauce wa tashar hukuma ya nemi masu ƙananan jiragen ruwa da ake kira sambuk, waɗanda ke tsallaka Bahar Maliya a ɓoye daga gaɓar Sudan ko ta wajen Masawwa a Eritriya. Wanda ya shiga hannunsu ba ya cikin rajistar kowa, idan ya ɓace babu mai cigiya.

To, mu tambayi kanmu. Jami'in da ke duba fasfo minti nawa yake yi da mutum? Ya dubi takarda, ya dubi fuska, ya buga hatimi. Mai masauki kuwa kwana da kwanaki yake tare da su. Shi zai ji cewa yaron ba ya kiran mutumin Baba. Shi zai lura cewa harshen yarinyar daban da na wanda ya ce shi ya haife ta, ko tsagar fuskarta ba ta gidansu ba ce. Matarsa da ke kai tuwo ɗakin baƙi ita za ta ga cewa amaryar nan kullum kuka take yi, kuma ba a barinta ta je rijiya ita kaɗai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ilimin da ake biyan ƙwararru su koyar a otal yau, a zauren mai masauki na Umdurman yake tun shekara ɗari da suka wuce. Abin da ya rage shi ne ko mai ganin zai yi magana.

Tsohuwar hanya, sababbin matafiya

Jirgin sama ya kashe hanyar ƙasa ta hajji, amma Kartum da Umdurman ba su daina zama mararraba ba. Kafin yaƙin 2023, matasa daga Eritriya da Habasha da Somaliya sukan shigo ta gabas, ta Kasala da Gadarif, su tsaya a babban birni su yi aiki su tara kuɗi, sa'an nan su nufi Libiya ko Masar ta hamada, daidai yadda kakanninmu suka riƙa tsayawa a Jazira. Kasuwar yammacin Umdurman da ake kira Suƙ Libiya sunanta ma ya nuna inda fuskarta take. A tsakanin 2010 da 2013 an sha sace 'yan gudun hijirar Eritriya a gabashin Sudan a kai su Sina'i ana azabtar da su don danginsu su biya kuɗin fansa, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan haka a Fabrairun 2014.

A wannan shekara ta 2014 Sudan ta yi dokar yaƙi da safarar mutane, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 10, kuma idan laifin ya yi muni ya kai shekara 20. A Nuwambar shekarar aka ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen ƙahon Afirka a birnin Rum, aka sa masa sunan Kartum. Wanda ke ganin abin ya yi nisa da mu, ya dubi samamen da 'yan sandan Sudan suka yi tare da Interpol a ƙarshen Agustan 2018. An ceto mutum 94 a Kartum da kewayenta, 85 daga cikinsu yara ne, wasu an same su suna aiki a ramukan haƙar zinariya suna taɓa sinadarai masu guba da hannu. Cikin ƙasashen da yaran suka fito har da Nijar da Chadi. An kama mutum 14, kuma 12 daga cikinsu mata ne. Wannan ya isa ya gyara tunanin wanda ke zaton mai safara dole ƙato ne mai muzurai. Sau da yawa hajiya ce mai fara'a, wadda yara ke kira Inna ko Gwaggo.

Abin da ake koyarwa

Tarihin bitar ma'aikatan otal bai daɗe ba. Bayan babban taron duniya da aka yi a Stockholm a 1996 kan lalata da yara don kuɗi, ƙungiyar ECPAT ta Suwidin tare da kamfanonin yawon buɗe ido suka fito da ƙa'idar kare yara a 1998, kuma horar da ma'aikata yana cikin sharuɗɗanta. A 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo, wadda ta fayyace mene ne safarar mutum: a ɗauko shi ko a kai shi ko a ɓoye shi ko a karɓe shi, ta hanyar ƙarfi ko yaudara ko cin gajiyar rauninsa, da nufin a ci da guminsa ko jikinsa. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ba a bukatar a tabbatar da ƙarfi ko yaudara. A lura, ba da mafaka yana cikin ayyukan da aka lissafa, wato mai ɗaki da ya san abin da ake yi ya shiga cikin laifin. Kamfanin Marriott ya wajabta wa ma'aikatansa wannan bita a 2017, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2018 cewa ma'aikacin otal da ke hulɗa da baƙi sai ya sami horo na aƙalla minti 20. A Amurka ma doka ta ba wadda aka yi safararta damar kai ƙarar duk wanda ya ci riba da abin alhali ya sani ko ya kamata ya sani. Wannan fa shi ne lamunin fatoma ya dawo da rigar lauya.

Alamomin da ake nunawa ba su da wuyar ganewa. Mutum ɗaya ya riƙe fasfo da wayoyin kowa. Ana tambayar yarinya, wani yana amsa mata. Baƙo bai san sunan garin da yake ba, bai san inda za shi gobe ba. 'Yan mata da yawa a ɗaki ɗaya, ba kaya, ba kuɗi a hannunsu, kuma ba sa fita sai da rakiya. An hana mai shara shiga ɗaki kwana da kwanaki, maza kuwa suna shiga suna fita. Yaro tare da babba, labarin dangantakarsu yana sauyawa daga safe zuwa yamma. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan suka taru, ruwa ba ya tsami banza. Ana kuma koya wa ma'aikaci kada ya tunkari wanda yake zargi, kada ya yi yunƙurin ceto da kansa, domin yana iya jawo wa yarinyar duka ko a gudu da ita cikin dare. Ya riƙe lambar ɗaki da lokaci da lambar mota, ya gaya wa manaja, a kira hukumar da abin ya shafa.

Inda gizo ke saƙa

Duk da haka, tarihin Umdurman ya nuna mini wurare huɗu da bita irin ta Turai ba za ta isa ba idan aka kwafo ta yadda take.

Na farko, talakan da aka yi safara ba ya sauka a babban otal. Yana sauka ne a ƙananan gidajen kwana da mutanen Sudan ke kira lokanda, ko a ɗakin haya a bayan kasuwa, ko a tashar mota. Masu ganinsa su ne direba da kwandasta da mai abinci da matan nan masu sayar da shayi a bakin titi, waɗanda Kartum ta shahara da su. Matan nan suna da ƙungiya, kuma shugabarsu Awadiyya Mahmud Koko ta sami lambar yabo ta jarumtar mata daga gwamnatin Amurka a 2016. Bitar da ta tsaya a ɗakin taro mai sanyi, ba ta je wurin irinsu ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Na biyu, ina ake kai rahoto? Wadda aka yi safararta galibi ba ta da takarda. Idan kiran hukuma zai ƙare da a kama ta a matsayin baƙuwar haure a tasa ƙeyarta, mai safarar kuwa ya sayi kansa, to mai imani zai ga gara ya yi shiru. Darasin sambuk ke nan: duk lokacin da hukuma ta zama abin tsoro ga talaka, shi da kansa zai ruga hannun mai cutarsa. Haka kuma ma'aikacin da ke tsoron kora, saboda wanda yake zargi babban mai ciniki ne, ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata maigidansa zai tsaya masa.

Na uku, sa ido yana iya rikiɗa ya zama wulaƙanta baƙo. Hausawan Sudan sun fi kowa sanin wannan, domin akwai waɗanda aka haifi kakanninsu a can amma har yau ake tambayarsu asalinsu, kuma rikicin jihar Bulu Nayil na Yulin 2022 ya ci rayukan da yawa daga cikinsu. Alamar safara tana cikin yadda wani ke juya wani, ba ta cikin launin fata ko harshe ko tsufan riga. Bitar da ba ta jaddada wannan ba za ta ƙara wa talaka wahala ne kawai.

Na huɗu, mai otal ya dubi cikin gidansa. Yaron da ke wanke-wanke a bayan kicin, wa ya kawo shi, wa ke karɓar albashinsa, yana iya barin aikin idan ya so? Hadisin da Buhari ya ruwaito kan mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama ya haɗa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa da wanda ya sa ɗan ƙodago aiki ya hana shi ladansa. A wuri ɗaya aka ambace su.

Yau da gobe

Yaƙin da ya ɓarke a Kartum a ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, ya rufe otal-otal da kasuwanni, ya watsa ɗalibanmu da ke karatu a can. A Maris ɗin 2024 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi gargaɗi cewa safarar mata da 'yan mata da tilasta wa yara shiga yaƙi suna ƙaruwa a Sudan. A irin wannan hali masu saukar baƙi su ne matasan sa-kai da ke dafa abinci a takaya, wato dakunan girki na unguwa da suka ciyar da mutanen Umdurman lokacin da komai ya tsaya, da masu kula da makarantun da suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. Mutanen Sudan ba sa bukatar a koya musu karamci. Su ne masu tare hanya da azumi su tilasta wa matafiyi ya sauko ya sha ruwa da su. Abin da ya kamata a ƙara musu shi ne sanin alamomin nan, da wurin kai ƙara da za a amince da shi, domin yarinyar da ta rabu da iyayenta a hanyar gudu ita ce farkon wadda mai safara zai yi wa tayin taimako.

Mu ma a gida abin bai bar mu ba. Nijeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, Nijar ta yi dokarta a 2010, amma har yau ejan-ejan suna zagaya ƙauyuka da alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa, ko Umara, ko hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Kafin a kai yarinya filin jirgi ko kan iyaka, sai ta kwana a wani gidan saukar baƙi a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Al'adarmu ta ce ba a tsare baƙo da tambaya, kuma al'ada ce mai kyau. Amma baƙon da ya fi cancantar kariyar mai gida shi ne wanda ba shi ya biya kuɗin ɗakin ba, wanda ke tsaye a bayan mai biya, kansa a sunkuye.

Don haka kirana ga ƙungiyoyin masu otal da gidajen baƙi, da shugabannin tashoshin mota, da sarakunan zango a duk inda Hausawa suke, shi ne su nemi wannan bita da kansu, a yi ta da Hausa, a sa maigadi da mai shara da mai shayi a sahun gaba, a kuma liƙa lambar hukuma inda kowane ma'aikaci zai gani. Fatoman da ya amsa sunansa ya san wanda ya kwana a gidansa, kuma ya san za a tambaye shi. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk hanyar da suka bi.